Tsamen bagaruwa ya ƙi narkewa, yana toshe min bututun ɗura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin digiri na biyu a Gadarif, ina gwada tasirin 'ya'yan bagaruwa kan ɓerayen Wistar (fararen ɓerayen gwaji) da aka sa wa ciwon suga da wani sinadari mai suna alloxan. Na jiƙa garin 'ya'yan a methanol (wani nau'in sifirit), na tace, na busar, ya fito ƙulli mai danƙo kamar ƙaro.

Matsalar wajen ɗura wa ɓerayen tsamen ta baki ce. A ruwa zalla ba ya narkewa, sai ya dunƙule a gindin kwalba. Da na sa Tween 80 (sinadarin da ke taimaka wa abu haɗuwa da ruwa) ya ɗan haɗu, amma kafin in gama da keji guda ya sake kwantawa, sirinji ya cije, ɓeran ƙarshe kuma kusan ruwa kawai yake samu. To ina maganar 200 mg/kg (miligram 200 na tsamen ga kowane kilo na nauyin ɓera) a nan? Na gwada DMSO (wani sinadarin narkarwa), ya narke sarai, sai dai ɓerayen rukunin kwatance da suka sha DMSO kaɗai ba tare da tsamen ba sun rage cin abinci. Dumamawa kuwa ina tsoron ta lalata sinadaran. Ina zargin yawan tannin (sinadarin da ke sa bagaruwa bauri) ne ke hana shi narkewa.

Don Allah wanda ya taɓa aiki da bagaruwa: da me kuka narkar da ita ta zauna daidai har a gama ɗura, ba tare da ya taɓa sugan ɓerayen ba?