Na yi zango guda a ƙetare, an ce in maimaita darussa uku

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Jami'armu ta tura ni wata jami'ar ƙetare da suka ƙulla yarjejeniya, na yi zango ɗaya, na ci darussa biyar, na dawo da takardar sakamako mai hatimi. Da na kai ta sashenmu, jami'in jarrabawa ya juya ta gaba da baya, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin darussa uku, ya ce ba su dace da manhajarmu ba, sai na maimaita su. Abokan karatuna za su kammala su bar ni. A ganina wannan shirin musayar ɗalibai yaudara ne, kuma ina neman wanda zai nuna mini inda zan kai kukana.

Tsohuwar ɗaliba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki tafi, sashenku ya sa hannu a kan jerin darussan da za ki ɗauka? A shirin Erasmus na musayar ɗalibai a Turai, wanda aka fara a 1987, ɗalibi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi duk suna rattaba hannu a kan wannan jeri tun kafin tafiya, kuma ana lissafa nauyin karatun zango da maki 30, na shekara da maki 60, don kada a samu irin wannan jayayya bayan an dawo.

Malamin jami'a: Ni kalmar "musaya" ce ta tsaya mini a rai. Musaya ba ni gishiri in ba ka manda ce, alhali tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin ɗalibin abokan hulɗarmu ko ɗaya ya zauna a ajina ba, namu ne kullum a kan hanya. A kira shi turawa, kada a ce musaya.

Ma'aikacin ofishin hulɗa da ƙetare: Malam, da girmanka, ba a auna musaya da ƙidayar kawuna. Akwai binciken haɗin gwiwa, akwai ziyarar malamai, akwai damar shiga ɗakunan karatunsu ta intanet. Ko Birtaniya, lokacin da take cikin Erasmus, ɗaliban da suke zuwa mata sun fi waɗanda take turawa yawa, kuma babu wanda ya ce a sauya wa shirin suna.

Malamin jami'a: Ai ka ƙarfafa maganata. Rashin daidaiton nan yana cikin abin da aka yi ta kuka da shi a can, kuma da ta fice ta kafa shirin Turing a 2021, masu fita kawai take ɗaukar nauyinsu. Amma ban yi mamaki ba, kowa yana kare inda albashinsa yake fitowa.

Ma'aikacin ofishin: Malam, wannan magana ba ta dace da kai ba. Ofishinmu bai taɓa ƙin amincewa da darasi ba, domin ba hurumimmu ba ne. Ku malaman sashe ne kuke ganin duk abin da ba ku koyar da bakinku ba bai kai ilimi ba.

Ɗalibin digiri na biyu: Ku gafarce ni, malamaina, musaya ta gaskiya ita ce wadda jami'a za ta taso da kanta, kamar yadda Jami'ar Nottingham ta buɗe reshe a Malesiya a 2000, ta ƙara wani a Ningbo ta ƙasar Sin a 2004.

Malamin jami'a: Ɗana, reshe kasuwa ce aka faɗaɗa. Me aka musanya a nan?

Tsohuwar ɗaliba: Malam, ni zango ɗaya na yi tare da ɗalibai daga ƙasashen da ban taɓa jin sunan wasunsu ba, kuma har yau muna aika wa juna maƙalu. Ba zan yarda a ce ban musanya komai ba.

Mai kula da zaure: Zan rufe nan domin magana ta fara taɓa mutuncin mutane. Abin da ya fito fili shi ne kalmar musaya tana nan daram, kamar yadda ɗan'uwanmu na ofis ya yi bayani da hujja, ni ma ta wannan ofishi na samu tafiya kuma ban ga aibunsa ba. Malam ya kawo abin da ya gani a ajinsa kawai. Ita kuma ƙanwarmu da alama ba ta bi ƙa'ida ba kafin ta tafi.

Mai ƙorafi: Yaya, na bi ƙa'ida. Shugaban sashen da ya sauka ne ya sa mini hannu a kan darussan biyar, takardar tana hannuna yanzu haka. Mako mai zuwa za a rufe rajista, kuma har yanzu ba a gaya mini ofishin da zan kai ta ba.