Na tsinci sigarin lantarki a jakar ɗana, ta yaya zan sanar da mahaifinsa?

Wata uwa daga Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan yarona mai shekara 16 da ke aji biyu na babbar sakandare. Ina cikin zazzage jakarsa ta makaranta zan wanke, sai na ci karo da wani abu mai kama da alƙalami mai kauri, yana ƙamshin mangwaro, har da ramin da ake sa masa cajar waya. Da na tsare shi, sai ya ce tururi ne kawai da ƙamshi, babu taba a ciki. Mahaifinsa mutum ne mai zafi, ina tsoron ya yi masa dukan da zai kore shi daga gida, ina kuma tsoron in rufe maganar, daga baya ta fi ƙarfina.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ko dai yaron ya ɓoye miki gaskiya, ko kuma shi ma ruɗarsa aka yi. Batirin na'urar yana ɗumama wani ruwa ne wanda galibi yake ɗauke da nikotin, sinadarin nan da ke hana mashayin taba dainawa, kuma abin da ake zuƙa ba tururin ruwa ba ne, haɗin sinadarai ne da ke sauka har cikin huhu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin yake saurin kama matashi, ya taɓa natsuwarsa da karatunsa. Tunda abin yana hannunki yanzu, ki sa masa ido: idan kika ga yawan fushi, ko ciwon kai, ko rashin barci, to jikinsa ya riga ya saba, sai ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ya ga likita.

Malamin sakandare:
Ni mai sayarwa ne ya fi damuna. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma har gobe masu tebur suna miƙa wa yaro mai kayan makaranta a jikinsa. Hajiya, ki tambaye shi wa ya sayar masa, kuma a ina ya samu kuɗin.

Wani dattijo daga Bolari:
'Yata, kada ki ɓoye wa maigida, domin ranar da ya ji a bakin wani, da ke da yaron duka za ku zama masu laifi. Sai dai kuma duka ba magani ba ne. Na daɗe ina shan taba kafin Allah ya yaye mini, kuma bulalar mahaifina ba ta koya mini komai ba sai tauna goro kafin in shiga gida. Ki nemi yayan mijin naki, ko wani da yake jin nauyinsa, a zauna da shi tukuna ba a gaban yaron ba. A kuma bincika ko yana zuwa gidajen shisha, tunda ruwan tukunyar ba ya tace gubar hayaƙin, ga na gawayi a kai.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na tambaye shi, ya ce kuɗin Keke Napep ɗin da nake ba shi ne suke tarawa da abokansa biyu, su dawo gida a ƙasa, wanda yake kawo musu kuma ɗan aji uku ne. Baba, zan je wajen baffansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin da ya rage mini shi ne iyayen waɗancan yaran biyu: ni zan same su da kaina, ko in bari baffan ya haɗa da su?