Ƙona wani wuri cikin zuciya, wa ya san aikin nan?

Ɗan Zariya 2:
Salam jama'a. Baba na fama da bugun zuciya mai gudu har ya suma, likita a Yamai ya ce sai an ƙona masa wani wuri cikin zuciya. Tsaga ƙirji za su yi?

Hajiya Mai Goro:
Subhanallahi, ƙonawa kuma? Allah ba shi lafiya ɗana.

Ma'aikacin Jinya:
A'a ƙanena, ba a tsagawa. Siririn tiyo ake zurawa ta jijiyar matsematsi har zuciya, a lalubo inda lantarkin da ke sa zuciya bugawa ke rikicewa, wani lokaci tabon tsohon ciwon zuciya ne, sai a kashe wurin da zafi. Yakan rage matsalar sosai amma tana iya dawowa, wasu sai an haɗa musu da na'urar daidaita bugun zuciya ƙarƙashin fata. Kar ya bar magani don Allah.

Ɗan Zariya 2:
Na gode yaya, hankalina ya ɗan kwanta.