Fayil biyu, suna ɗaya a OCaml: in sauya suna ko in raba su?

Sani_Kod: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da aikin manhaja da yaren OCaml na wani mai kantin magani, jibi zan miƙa. A folda `lissafi` akwai `utils.ml`, a folda `rahoto` ma akwai `utils.ml`. Na saka `(include_subdirs unqualified)` a dune, abin da ke harhaɗa aikin OCaml, don ya haɗa har da fayilolin cikin foldojin, ya ƙi, wai mojul (ƙunshin kod) mai suna Utils ya zo sau biyu. In sauya sunaye ne, ko in mai da kowace folda laburare, wato tarin kod mai zaman kansa? Fayiloli 23 ke kiran su.

Bala99: Wa'alaikumus salam. Ka koma yaren Haskell ka huta.

Maman_Lambda: Sani, a OCaml sunan fayil shi ne sunan mojul, harafin farko kawai ake girmamawa. Da unqualified kuwa dune ba ya duba folda, duk kwano ɗaya yake zuba su. Idan dune ɗinka ya kai siga ta 3.7, sa `qualified` a maimakonsa, za ka samu `Lissafi.Utils` da `Rahoto.Utils`. Ka gyara lambar sigar a fayil ɗin `dune-project` tukuna.

Ɗan_Gwale: Hmm. Suna linzami. Bala, Haskell ɗin da kake yabo ita ta ci min kuɗi. Can `Rahoto.Wata` sai a `Rahoto/Wata.hs` GHC, kompailar da ke fassara kod ɗin Haskell, zai neme shi. Ni na fara da `wata.hs`, daga baya na mai da shi babban harafi a Mac. Mac bai damu da babba ko ƙarami ba, git, manhajar bibiyar sauye-sauyen fayiloli, shi ma bai lura ba. A wajena komai lafiya lau. Saba kuwa, wato kwamfutar da ake ɗora aikin a kai, Linux ce, ta ce ba ta san wani Wata ba. Kwana biyu ina hargitsa kod, ashe sauya sunan fayil ɗin da `git mv` ne kawai maganin. Mai aikin ya zaftare min dubu 40, har yau idan na kira sai yaronsa ya ɗauka.

Auwal_Zinder: Raɗa musu Hassan da Husaini mana. Amma fa rago biyu za ka yanka 😂

Bala99: Turo min, dubu 15 in gyara yau.

Ɗan_Gwale: Dubu 15? Irin wannan gyaran dubu 60 na biya bara. Ku ne ke karya kasuwa.

Maman_Lambda: Gyaran layi biyu ne fa, sai dai Sani ya bi fayiloli 23 ɗin ya ƙara sunan folda inda ya dace. Bala, ka taɓa buɗe dune kuwa?

Bala99: Aunty, shekara shida nake wannan harka.

Maman_Lambda: Da yaren JavaScript, ba OCaml ba. Ba ka manta ranar da ka raɗa wa fayil `list.ml`, `List.map` ta ɓace, ka ce kompaila ta lalace ba? Ni na nuna maka `Stdlib.List`.

Sani_Kod: Na duba, dune na 3.6 ne. In sabunta ana jibi miƙawa? Ina tsoron wani abu ya karye.

Ɗan_Gwale: Kafin nan, mai kantin ya ba ka rabin kuɗi? In bai ba ka ba, kada ka miƙa ko layi ɗaya.

Sani_Kod: Ya ce sai ya ga yana aiki, yaya.

Auwal_Zinder: Innalillahi. Wanda na yi wa aiki ma haka ya ce tun kafin azumi. Yanzu wai ya tafi Umara.