Jaririn ƙanena ya rasu cikin barci a Manchester, 'yan sanda sun ce za su zo gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da asuba ɗan ƙanena, ɗan wata uku, ya rasu. Lafiyarsa ƙalau aka kwantar da shi. Asibiti sun ce ba za a ba da gawa ba sai alƙalin binciken mutuwa ya sa hannu, kuma yau ɗan sanda da ma'aikaciyar lafiya za su zo su ga ɗakin. Uwar ta ƙi cin komai, gani take zarginta ake yi. Don Allah me za mu yi?

Wata ma'aikaciyar jinya a Leeds:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne. Yaya, ki kwantar mata da hankali, duk jaririn da ya rasu ba zato a Ingila haka ake yi, ko ɗan wane ne. Tsarin ya biyo bayan shari'ar Sally Clark, wadda aka ɗaure a 1999 bisa zargin kashe 'ya'yanta biyu, aka wanke ta a 2003 da aka gano ba a nuna wa kotu sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayar cuta a jikin ɗayan ba. Daga nan rahoton Baroness Helena Kennedy na 2004 ya shimfiɗa yadda za a riƙa bincike. Masu zuwa gidan za su tambayi inda jaririn ya kwanta, rigingine ko rub da ciki, yaushe ya sha nono na ƙarshe, zafin ɗakin, ko akwai mai shan taba. Uwar ta faɗi abin da ya faru daidai, ko da gado ɗaya suka kwana. Kada a wanke shimfiɗar tukuna.

Wani ɗan kwamitin jana'iza a Birmingham:
Allah ya ba da haƙuri. Ku kira masallacinku yanzu, su sanar da ofishin alƙalin cewa Musulmi ne. Tun 2018 babbar kotu ta yanke cewa ana iya gaggauta aiki saboda addini. Binciken gawar sai likitan da ya ƙware kan yara, zai ɗauki 'yan kwanaki. Cikakken sakamako kan kai watanni, amma yawanci ba a jiran sa kafin a yi sutura.

Wata Hajiya a Landan:
Ni dai roƙona, ku toshe bakin masu bugo waya daga gida suna cewa danne shi ta yi. Ba su ga komai ba. In ta ɗan dawo hayyacinta, ku haɗa ta da Lullaby Trust, ƙungiyar agaji da ke tallafa wa iyayen da jaririnsu ya rasu ba zato, aikinsu ke nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira limaminmu. Turancinta bai yi ƙarfi ba, za su yarda in zauna kusa da ita lokacin tambayoyin?