Wai rufe matatun mai a Turai da Amurka zai iya ƙara mana tsadar gas a nan?

Mai_Injin_Niƙa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu bibiyar harkar mai ku warware min wannan. Ina da injin niƙa mai shan gas, wato dizal, kullum da jarka nake fara zuwa gidan mai kafin in kunna, shi ya sa duk labarin mai nake kasa kunne. Na ji ana cewa an rufe matatar Grangemouth ta Scotland a watan Afrilun 2025, an rufe wata babba a Houston ta Amurka, wai wata a Los Angeles ma ta bi sahu. To ni dai a sanina ɗanyen mai ne ke ɗaga farashi ko ya sauke shi, ina ruwan rufe matata a can da litar da nake saya a nan?

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam malam. Ai amsar tana cikin sana'arka, ka ɗauka masara ta cika kasuwa har tana araha amma injinan unguwarku guda biyar biyu sun daina aiki, ai kwanuka za su yi layi a ƙofarka kuma kuɗin niƙa sai ya tashi ko da masarar ba ta ƙara ko sisi ba. Haka matata take, ɗanyen mai ba ya tada mota sai an tace an fitar da fetur da gas da kananzir da man jirgi. Mun ga haka a 2022, don tun baya lokacin korona mutane sun zauna a gida ba mai sayen mai sai aka yi ta rufe matatu, Amurka kaɗai ta rasa ƙarfin tace wajen ganga miliyan 1 a kullum, da ma kafin nan babbar matatar Philadelphia ta yi gobara a 2019 ba a sake buɗe ta ba, to da duniya ta dawo aiki ga kuma yaƙin Rasha da Ukraine sai tacaccen mai ya yi ƙaranci, a watan Yunin 2022 galan ɗin fetur ya kai dala 5 a Amurka. Kuma gas ya fi shan wahala don a lokacin Turai ta dogara da na Rasha sosai, da ta hana shigo da shi a Fabrairun 2023 sai ta koma neman sa a kasuwar da mu ma muke saye.

Ɗan_Kasuwar_Mai:
Abu Fatima ka yi bayani amma a ganina ka bar rabi. Ana rufe tsofaffi ana buɗe manya sababbi fa. Grangemouth ganga kamar 150,000 take tacewa a rana, matatar Ɗangote da ke Lekki ita kaɗai 650,000 ce, ga Al-Zour ta Kuwait 615,000, ga Jazan ta Saudiyya 400,000. Tsofaffin na Turai kuɗin wuta da na ma'aikata da dokokin hayaƙi sun musu yawa, ga motocin lantarki na rage musu ciniki. Kuma mu ma muna cikin dalilin, shekara da shekaru fetur ɗinmu daga tashoshin Rotterdam da Antwerp na Turai ake ɗoro shi a jirgi, da Ɗangote ya fara fitar da fetur a Satumban 2024 sai wannan babban kwastoman nasu, wato Najeriya, ya fara janyewa.

Abu_Fatima:
Gaskiya ne yallaɓai, na yarda. Abin da ke damuna shi ne in tacewar ta taru a 'yan wurare kaɗan masu nisa, matata ɗaya ta tsaya gyara ko jiragen ruwa su samu matsala a hanya sai kowa ya ji a jikinsa. New Zealand ta rufe matatarta tilo a 2022, Ostireliya saura biyu, yanzu jirgi suke jira.

Mai_Injin_Niƙa:
Allah ya saka da alheri, misalin layin kwanukan nan ya zaunar min da maganar. Saura ku faɗa min, tsakanin wannan da canjin dala wanne ya fi taɓa kuɗin jarkata?