Glock 19 ko P365: wacce bindiga za ta ɓoyu a ƙarƙashin kaftani?

Bakanon Alief:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka, shawara nake nema. Shekarata bakwai a Houston, takarduna na zaman dindindin sun fito, ina riƙe da ɗan shagon kayan abincin gida kuma ba na rufewa sai sha ɗayan dare. Watan jiya aka tare maƙwabcina mai aski a wurin ajiye motoci, tun daga ranar uwargida ba ta runtsawa sai ta ji shigowata. Na gama ajin lasisi, saura bindigar.

A filin koyon harbi na yi hayar guda biyu. Glock 19 ta zauna mini daram a hannu, harsashi 15 take ci, inda na auna nan take zuwa. Amma da mai shagon ya ba ni kube na gwada ta a ƙugu, sai ka ce bulo na ɗaura. SIG P365 kuwa kamar ba komai a jikina, kaurinta inci ɗaya, harsashi 10. Sai dai ƙaramin yatsana a iska yake, kuma duk harbi sai ta zabura kamar ɗan akuya. Hannuna babba ne, ga shi rabin mako kaftani nake sawa. Wacce zan ɗauka?

Dattijon Dallas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya tsare gaba. Na fi shekara goma ina ɗauke da ita, kuma asarar da na yi a kube ta fi wadda na yi a bindiga, saboda haka bari in fara ta nan.

Wandon kaftani zariya gare shi, zariya kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Ko P365 mai nauyin wajen rabin kilo sai ta rinjayi wandon ta kwanta gefe guda. Ni telana na sa ya yi wa wandunana madaukan bel, na sayi bel mai tauri da kuben roba mai ƙarfi wanda ya rufe kunama ruf. Ka riƙe wannan: Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kuben shi ne makullinta. Kada ka kuskura ka jefa ta tsirara a aljihun kaftani tare da makullan mota da carbi.

Abin da ke tona mutum ba tsawon bakin bindiga ba ne, shi yana cikin wando. Mariƙin ne ke turo riga, musamman in ka sunkuya. Kaftani kam ya iya rufa asiri, har Glock 19 yana haɗiyewa. Matsalarsa wajen zarowa ne, sai ka yaye riga tun daga gwiwa. Ka gwada a gida, bayan ka cire gidan harsashi ka leƙa ciki ka tabbatar babu komai, za ka ga yadda yadi ke naɗe hannu. Shi ya sa ranakun shago na koma 'yar shara mai tsayawa a cinya.

Sai maganar da babu Baturen da zai gaya maka: salla. Wanda ya sa ta a gaban mara, ruku'u da sujada za su koya masa hankali. Ni a gefen dama nake sa ta, ɗan baya kaɗan, zaman tahiya ba ya damuna.

A ganina duka biyun ba naka ba ne. Zaburar da ka ji ba laifin SIG ba ne, harsashin 9mm ɗaya ne a cikinsu, wadda ta fi rashin nauyi ita ke dukan hannu. Ka koma ka yi hayar Glock 43X, ta fito a 2019, siririya ce amma mariƙinta ya isa yatsu duka, harsashi 10. Ko P365XL mai cin 12. Kowacce ka yi mata harbi hamsin kafin ka zaro kuɗi.

Maman Hanif, Columbus:
Alhaji ya gama magana, sai dai duk kun manta da cikin gida. Malam, yara nawa gare ka? Kafin bindiga ta shigo, akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ya riga ta shigowa. Saman kabad ba maɓoya ba ne, yaron da ya gano inda kake ɓoye alewa zai gano ta.

Kuma in uwargida za ta koya, a bar ta ta zaɓa da hannunta. Maigidana P365 ya kawo mini wai ƙarama ce ta dace da mace, na kasa jan samanta in ɗana. Shield EZ ta Smith & Wesson na koma, don masu irin hannuna aka yi ta.

Ɗan Zongon Bronx:
Ku mutanen Texas kuna shan sharafi. Tun 1 ga Satumban 2021 mai shekara 21 a wurinku yana iya ɗauka ba lasisi. Mu a New York sai ka zauna aji awa 16, ka yi harbi awa 2, sannan gidan harsashi kada ya wuce 10. Lasisinka na Texas ba ya aiki a nan, in za ka zo mana biki ka bar ta a gida.

Ina kuma jan kunnen ɗalibai da 'yan ziyara da ke karanta wannan: Malam zaman dindindin gare shi, shi ya sa zai cike fom 4473 a bincike shi a sayar masa. Mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai 'yan keɓantattun dalilai. Kuma kada wani ya yi mafarkin sa ta a jaka zuwa Kano. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol tana cikin haramtattu, lasisinta a hannun shugaban ƙasa yake.

Ni dai da zan ba ka shawara, da ka fara ƙara fitila da kyamara a bayan shagon, ka daina fitowa da cinikin rana a hannu.

Dattijon Dallas:
Ɗan Zongo ya tuna mini. Ka riƙa duba ƙofa, in ka ga allon 30.06 to an hana mai lasisi shiga da ita a ɓoye. Gidan waya kuwa na tarayya ne, babu shiga da ita sam. Masallaci ka tambayi kwamiti tukuna, kowane da tsarinsa.

Bakanon Alief:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma na harba 43X da P365XL, hamsin hamsin yadda Alhaji ya ce. Glock ɗin ta fi tara mini harbi wuri guda, ita zan ɗauka. Hajiya, yara uku ne, akwatin na riga na saya, yana ɗaure da kusoshi a cikin kabad. Alhaji, telan nan naka yana karɓar aiki daga Houston? Wanduna shida gare ni, duk masu zariya.